Darasi na Bakwai: Hutar da Ciki

Mutumin Sakkwato ya san azumin Litinin da Alhamis tun yana yaro, amma wanda za mu koya a yau ba na ibada ba ne, tsarin cin abinci ne wanda ake shan ruwa a cikinsa. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne mutum ya ci abincinsa cikin awa 8, ya bar ciki ya huta awa 16. Idan ya ci tuwon dare da ƙarfe 7, ba zai ƙara kai loma baki ba sai ƙarfe 11 na safe, sai dai ruwa ko shayi marar madara da sukari.

Tuwon gero da shinkafa suna narkewa su zama sukari a jini, sai insulin, sinadarin da jiki ke samarwa, ya shigar da shi cikin tsoka, hanta kuma ta adana rarar, kamar yadda manomi ke zuba gero a rumbu. Idan aka yi kimanin awa 12 ba a ci komai ba, rumbun hanta yakan yi ƙasa, insulin ya ragu, jiki ya koma ƙona kitsen da ya tara, shi ya sa wasu ke rage teɓa. Sai dai gwajin da aka yi a kan mutane ya nuna amfanin wannan tsari kusan ɗaya ne da na rage yawan abinci kawai, saboda haka wanda ya haƙura tun safe, sannan ya tasa masa goma da fura mai sukari da lemon kwalba a gaba, bai tsinana komai ba.

Wasu na cewa wannan tsari yana jinkirta tsufa, amma sai a yi hattara. A shekarar 1935 an gano a Amurka cewa ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi 'yan'uwansu tsawon rai, amma ɓera ba mutum ba ne.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin kada ya fara sai da yardar likita, domin sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Mai juna biyu da mai shayarwa da yara wannan tsari ba nasu ba ne. Mai aikin ƙarfi cikin zafin Afrilu kuma kada ya yi wasa da shan ruwa.

Aiki: rubuta lokacin da ka ci abincin daren jiya da lokacin da ka karya kumallo yau, sannan ka ƙirga awa nawa ne tsakaninsu.