Kurakuran da 'yan koyo ke tafkawa da memori wajen yi wa gem modin

Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya. Kusan duk sati sai wani yaro ya same ni a nan Ƙofar Ƙaura da 3DS ɗinsa, ƙaramin gem ɗin nan na Nintendo, a hannu ido ya yi ja, wai yaya na yi modin komai ya tafi, in ka ce ina bakof ɗinka, wato kwafin ajiya na fayilolinka, sai ya hau sosa ƙeya. Modin dai shi ne sauya manhajar gem don ya yi abin da kamfanin bai bari ba.

Babbar masifar ita ce jabun memori, kuma ni ta fara ci. Na taɓa sayen wani da aka rubuta 64GB a jiki, araha kamar kyauta, na kwashe duk abin da ke tsohon na zuba a ciki, na kunna gem ya tashi lafiya lau, don zumuɗi a daren na yi wa tsohon fomat na ba ƙanina ya sa waƙoƙi a waya. Sati biyu ina ta loda wasanni, ashe cikinsa bai wuce 8GB ba, an dai yi masa dabara yana nuna 64 ne, da ya cika sai sabon abu ya riƙa hawa kan tsoho. Folda tana nan, sunan fayil yana nan, ciki kuwa wayam. Sebin ɗin da na shekara biyu ina tarawa, wato ajiyar inda na kai a wasanni, haka ya salwanta, na kwana uku ban ko kalli gem ɗin ba. Tun daga nan ba memorin da ke shiga gem ɗina sai H2testw, manhajar kwamfuta mai gwada ainihin girman memori, ya cika shi taf ya karanta, ko zai ɗau awa huɗu, kuma tsohon memori sai ya yi wata guda a durowa ban taɓa shi ba.

Na biyu, kai da GodMode9, manhajar sarrafa fayilolin 3DS, ya fitar maka da NAND, wato kwafin ma'ajiyar cikin injin, ka bar shi a foldar gm9/out, a kan memorin da kake tsoron ya mutu, me ka yi ke nan? Wasu ma gogewa suke yi wai ya cinye musu kusan 1GB. Haba ɗan'uwa! Fayil ɗin NAND ɗin nan da essential.exefs, ƙaramin fayil mai ɗauke da mabuɗan injin, su ne ran injinka, in ya ƙi tashi da su ake farfaɗo da shi, kuma na abokinka ba zai yi maka ba don kowane inji da nasa mabuɗin. Ni wuri uku nake ajiyewa: kwamfuta, filas ɗin da ke cikin akwatin takarduna, sai Google Drive. Wasu na cewa na cika tsoro, to su ce.

Wajen ɗaukar fayil daga memori kada ka yanke (cut), kwafa za ka yi, in aka ɗauke wuta ana tsaka da aiki sai ka rasa nan ka rasa can. Ka caja laftof tukuna.

3DS memorin da aka yi wa fomat ɗin FAT32 yake karantawa, memorin da ya haura 32GB kuma yawanci da exFAT yake zuwa, sai ka sauya shi zuwa FAT32 kafin ka zuba komai.

Foldar Nintendo 3DS a kulle take da injin da ya yi ta, in ka goge injin ya koma sabo ba zai ƙara gane ta ba. Kafin ka goge, ka fitar da sebin da Checkpoint, manhajar kwafe sebin.

Masu Switch ku sani sebin ɗinku ba ya kan memori, yana cikin injin. Masu PSP kuwa ku kwafi PSP/SAVEDATA kawai, minti ɗaya ne.

Sannan don Allah a daina fizge memori daga kwamfuta ba a sallame shi (eject) ba, in ka gama kwafa ka duba girman foldar nan da ta can sun zo daidai kafin ka ce ka gama.