Hoto ɗaya, fayil huɗu: kurakuran da aka fi yi wajen kwashe hotuna daga waya zuwa kwamfuta

Mako biyu bayan bikin ƙanwata ta kawo mini wayarta, iPhone ce, ta ce: "Yaya, don Allah ka kwashe mini hotunan nan, wayar ta cika, ko saƙo ba ya shigowa." Na jona kebul a kwamfutata mai Windows, na fara kwafa. Ana tsaka da aiki sai ya tsaya cak, kwamfutar ta ce na'urar da aka jona ba ta aiki. Na cire, na canza wani saiti a wayar kamar yadda wani aboki ya ba ni shawara, na sake kwafa daga farko cikin folda ɗaya da ta ɗazu. Wayar tana nuna hotuna dubu biyu da 'yan kai, amma da na gama sai na tarar da fayil sama da dubu biyar. Hoton amarya ɗaya, tana zaune da lalle a hannu, ya fito sau huɗu: IMG_4102.JPG, IMG_4102.HEIC, IMG_4102.MOV, ga kuma wani mai suna IMG_E4102.

Abin da na yi bayan nan har yau yana yi mini ciwo, zan zo kansa. Amma bari mu fara da tushen matsalar, domin yawancin masu fama da hotuna tagwaye ba su san daga ina suke fitowa ba.

Tun 2017, da fitowar iOS 11, wayoyin iPhone daga lamba 7 zuwa sama suka daina ajiye hoto a tsarin JPG kai tsaye, suka koma HEIC. Dalilin shi ne wuri: hoton HEIC yana cin kusan rabin abin da JPG yake ci, kuma kyan hoton bai ragu ba. Sai dai JPG tsoho ne, tun 1992 yake, babu kwamfuta ko injin wanke hoto da bai san shi ba, shi kuwa HEIC ba kowace na'ura ce take buɗe shi ba. Saboda haka Apple ya sa wani zaɓi a cikin saitin Photos, a ƙasan shafin, wurin da aka rubuta Transfer to Mac or PC. Idan yana kan Automatic, wayar da kanta take juya HEIC zuwa JPG a daidai lokacin da kake kwafa, in ta ga kwamfutar ba za ta gane shi ba. Idan yana kan Keep Originals, za ta miƙa maka fayil yadda yake a cikinta.

Kuskure na farko, kuma mafi yawa, shi ne a kwashe hotuna sau ɗaya a wannan saiti, a sake kwashewa a wancan. Kwamfuta tana duba cikakken suna ne har da wutsiyarsa. A wurinta IMG_4102.JPG da IMG_4102.HEIC ba su haɗa komai ba, don haka ba za ta ce maka "akwai irinsa a nan" ba, za ta ajiye su gefe da gefe ta yi shiru. Ni abin da ya same ni ke nan. Juyin da wayar take yi a kan Automatic yana wahalar da ita, musamman in akwai dogayen bidiyo, shi ne yakan sa kwafa ta katse. Komawa Keep Originals yana magance katsewar, wannan gaskiya ne, amma dole ka buɗe sabuwar folda fanko, kada ka zuba sabo a kan rabin aikin da ya lalace.

Shawarata ita ce ka zaɓi Keep Originals ka bar shi a nan har abada. In Windows ɗinka ba ya buɗe HEIC, ka sauke HEIF Image Extensions daga Microsoft Store. Wani lokaci sai ka haɗa da HEVC Video Extensions, wanda ake biyan ɗan kuɗi kaɗan. Wanda kuma ya san harkarsa duk ta JPG ce, misali mai shagon ɗinki ko mai sayar da atamfa da yake kai hotuna wurin buga fosta kullum, gara ya gyara daga tushe: ya shiga saitin Camera, ya buɗe Formats, ya zaɓi Most Compatible. Daga ranar wayar za ta riƙa ɗauka a JPG, tsofaffin hotuna kuma su zauna yadda suke. Masu Samsung ma su duba, domin tun daga Galaxy S10 akwai zaɓin ɗaukar hoto a HEIF, wato irin tsarin HEIC ɗin nan, cikin saitin kyamara, kuma mutum kan kunna shi don rage cin memori ya manta.

Yanzu ga abin da ya yi mini ciwo. Da na ga ɗaruruwan ƙananan bidiyo masu wutsiyar MOV, kowanne da suna iri ɗaya da wani hoto, kowanne daƙiƙa uku kacal, sai na ɗauka shara ce da kwafa ta haifar. Na tattara su na goge, na share kwandon shara, na ce wa ƙanwata ta iya share wayarta. Ashe waɗannan su ne rabin Live Photos. Tun iPhone 6s a 2015, in wannan zaɓi yana kunne, wayar tana naɗar daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ka danna da ɗaya da rabi bayan ka danna, har da sauti. A cikin waya abu ɗaya kake gani, a kwamfuta sai ya rabu gida biyu, hoto da bidiyo. A cikin waɗanda na goge akwai lokacin da ake fito da amarya, Goggonmu tana rangaɗa guɗa a bayanta. Goggo ta rasu shekarar da ta biyo baya, Allah ya jiƙanta. Hoton yana nan, bakinta a buɗe, hannunta a kan hanci, amma muryar ta tafi.

Don haka MOV mai suna iri ɗaya da hoto ba tagwai ba ne. In ba ka buƙatar motsin, ka kashe Live a kyamara kafin ɗauka, ka kuma kulle zaɓin a Preserve Settings don kada ya dawo da kansa. In kuwa an riga an ɗauka, ka bar su tare a folda ɗaya, kada ka canza sunan ɗaya ka bar ɗaya. Wayoyin Samsung suna da irin wannan, Motion Photo, amma su sukan cusa bidiyon a cikin fayil ɗin hoton, shi ya sa ba ka ganin biyu.

Shi kuma mai harafin E a tsakiya, IMG_E4102, hoton da aka gyara ne a waya: an yanke gefe, ko an ƙara haske, ko an miƙe shi. iPhone ba ta taɓa asalin hoto in ka yi gyara, sai ta ajiye asalin, ta ajiye gyararren, ta kuma rubuta bayanin gyaran a wani ɗan mitsitsin fayil mai wutsiyar AAE. Windows ba ya amfani da AAE ɗin, goge shi ba ya cutar da hoto. Amma tsakanin asali da mai E, sai ka buɗe ka gani da idonka. Sau da yawa mai E shi ne wanda mai wayar yake so, domin shi ya ɓata lokaci a kansa.

Haka abin yake ga masu ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto mai nauyi da ake ajiyewa don a gyara shi daga baya. A wayoyin Samsung, in ka kunna ajiye RAW a yanayin Pro, kana iya samun DNG (fayil ɗin RAW ke nan) da JPG na hoto ɗaya. A iPhone akwai ProRAW tun daga 12 Pro, inda hoto ɗaya yake kai wajen megabait 25. Mai sana'ar hoto ya san amfanin DNG. Wanda bai taɓa buɗe manhajar gyaran hoto ba, ya kashe shi kawai.

Akwai wani tunani da ya zama ruwan dare, wai in fayil biyu suka yi kama, a bar mai nauyi a goge mara nauyi. Wannan ma'auni yana yaudara. JPG ɗin da aka juyo daga HEIC ya fi uwarsa nauyi, alhali kwafi ne, bai ƙara komai ba, sai ma ɗan abin da ya zube wajen juyi. Idan ka bar JPG mai megabait 3 ka goge HEIC mai 1.5, asali ka zubar. A ɗaya ɓangaren kuma, hoton da ya bi ta WhatsApp ya fi asali sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a nan mara nauyin shi ne lalatacce. Abin dubawa shi ne faɗi da tsawon hoto da kuma bayanan da ke cikinsa. Danna dama a kan fayil, shiga Properties, sannan Details. Hoton kyamara mai megafiksel 12 zai nuna 4032 da 3024, da sunan wayar da ta ɗauka, da ranar ɗauka. Wanda ya ratso WhatsApp zai nuna ƙananan lambobi, wurin ranar ɗauka kuma wayam.

Maganar WhatsApp ta kawo mu kan abin da ya fi damun mu a nan gida, wato yawan hanyoyi. A biki ɗaya ko suna ɗaya, hoto yakan shigo waya ta ƙofa uku ko huɗu. Ka ɗauka da kyamararka, ka tura gurup ɗin dangi, ƙanen ango ya sake turowa a gurup ɗin abokai, washegari wata ta zo ta tura maka nata ta Xender, ciki har da naka da ta sauke jiya. A wayoyin Android irin su Tecno da Infinix, kowanne yana da foldarsa: na kyamara a DCIM, na WhatsApp a tasa folda da suna irin IMG-20230514-WA0007, har da wata folda mai suna Sent da take riƙe kwafin abin da kai ka tura. Wanda ya zaɓi memorin waya gaba ɗaya ya jefa a kwamfuta ya kwashi duka. Gyaran mai sauƙi ne: ka kwashi DCIM ita kaɗai a matsayin asali, ka ajiye na WhatsApp a wata folda daban, ka tsince abin da ba kai ka ɗauka ba. In kuma kana son ɗan'uwa ya turo maka hoto mai daraja, ka ce ya turo shi a matsayin Document, a nan WhatsApp ba ya matse shi.

Kuma ka tsaya a kan hanya ɗaya. In kebul ne, kebul. Wanda yau ya kwasa da kebul, gobe ya sauke daga Google Photos, jibi daga shafin iCloud (ma'ajiyar Apple ta intanet), zai tara nau'i uku na hoto ɗaya, domin Google Photos yana matse hotuna in an zaɓi Storage saver, shafin iCloud kuma yana iya ba ka JPG ko asali gwargwadon abin da ka zaɓa wajen saukewa.

Wani haɗarin kishiyar wannan ne, kuma ya fi muni: suna ɗaya, hoto daban. iPhone tana ƙirga daga IMG_0001 zuwa IMG_9999, sai ta koma farko. In maigida da uwargida duk iPhone suke riƙe, lambobinsu za su yi karo. Ka zuba su a folda ɗaya, Windows ya tambaye ka ko a maye gurbi, ka danna Replace cikin gaggawa, hoton hawan Sallah na bara ya haɗiye hoton sunan ɗanka na shekara uku da suka wuce. Kowace waya da foldarta, kowace kwasa da kwanan watanta a jikin sunan folda, shi ke nan.

To, wanda ya riga ya tara tagwaye fa? A nan mutane suke garzayawa su sauke manhajar neman tagwaye, su danna, ta ce babu komai, ko ta kamo kaɗan. Ba laifinta ba ne. Yawancin irin waɗannan manhajoji suna kwatanta cikin fayil ne ƙwaya da ƙwaya, HEIC da JPG kuwa ko da hoto ɗaya suke nunawa, cikinsu ya sha bamban. Kana buƙatar wadda take kallon kamannin hoto. dupeGuru tana da yanayin Picture, Czkawka tana da sashen hotuna masu kama da juna, digiKam ma tana yi, kuma duka ukun kyauta ne. Ka dai fara gwadawa da 'yar ƙaramar folda ka tabbatar wadda ka sauke tana karanta HEIC. A cikin iPhone kanta, tun iOS 16 a 2022, akwai kundin Duplicates a ƙarƙashin Utilities, wanda yake haɗe tagwaye ya bar mafi inganci.

Sai dai kada ka ba kowace manhaja wuƙa da nama. Mai kallon kamanni takan ɗauki hotuna biyu da aka ɗauka a jere a matsayin abu ɗaya, alhali a ɗaya Baba ya rufe ido, a ɗayan yana murmushi. Ka sa ta kwashe abin da take zargi zuwa wata folda, ka bi su a hankali bayan la'asar ɗaya ko biyu, sannan ka goge. Ka kuma tuna cewa in iCloud Photos yana kunne, abin da ka goge a waya ya gogu a ko'ina. Kwana 30 kawai yake yi a Recently Deleted kafin ya tafi gaba ɗaya.

Kafin ka ce wa mai waya ya share, ka yi ƙidaya. Duba adadin hotuna da bidiyo da wayar take nunawa, sannan a kwamfuta ka jera fayilolin bisa nau'i, ka ƙirga HEIC da JPG marasa E, ka ga ko lissafi ya yi kusa. Buɗe goma daga farko, goma daga tsakiya, goma daga ƙarshe, domin kwafar da ta katse takan bar fayil mai suna amma babu komai a ciki, nauyinsa sifili. Ka kwafi foldar duka a filashi ko wani faifan waje, ka ajiye shi a wani ɗaki dabam da kwamfutar. Wayar kuma a bar hotunan a cikinta ko da mako ɗaya ne, in wuri ya matsa a fara rage dogayen bidiyon da aka riga aka buɗe aka tabbatar suna wasa har ƙarshe.