Yadda Ake Tattara Tarihin Baƙi Musulmi a Unguwannin Zango

Mai son rubuta tarihin wata unguwar baƙi, kamar Nima a Akara ko Sabo a Ibadan, ya fara da neman izini wurin sarkin zango da limamin babban masallaci, domin dattawa ba sa sakin baki ga wanda bai shigo ta ƙofa ba. Idan an zauna da dattijo, kada a tambaye shi shekara kai tsaye. A tambayi abin da ya faru lokacin da kakansa ya iso, sannan a gwada amsar da sanannun al'amura, irin su yaƙin basasar da aka yi a 1892 a garin Salaga da ke arewacin Gana, wanda ya tarwatsa fataken goro, ko dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta kafa a Gana a 1969.

A nemi tsofaffin wasiƙun ajami da takardun fili. A ganina, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar kowane mazaunin zango Bahaushe, alhali akwai Zabarmawa da Mosi da Fulani waɗanda Musulunci da harshen kasuwa suka haɗa, saboda haka a tambayi kowa sunan da yake kiran kansa da shi, a rubuta yadda ya faɗa.