Yadda ake auna da'awar ƙirƙirar ƙaramin batir da fasahar da ta riga ta fitowa

Abin da takardar mallakar ƙirƙira take karewa yana cikin jimloli masu lamba da ake kira da'awa. Zane da dogon bayani suna taimaka wa fahimta ne kawai. Ɗauki da'awa ta 1 ka yayyanka ta, kowane sashe a layinsa. A batir mai siffar maɓalli, irin na na'urar saƙala a kunne, za ka iya samun kofi da murfi na ƙarfe, zoben roba da ke raba su, ilektrod biyu da shamaki naɗe kamar tabarma, sai siririn ƙarfe da aka yi wa walda da gindin kofin.

Duba kalmar da ta haɗa sassan. In an rubuta "comprising" (wato "ya ƙunshi"), ƙara wani sashe a batir ɗinka ba zai fitar da kai daga da'awar ba. "Consisting of" (wato "waɗannan sassan kaɗai") kuwa tana rufe ƙofa.

Ma'anar kowace kalma daga cikin takardar kanta ake fara nemanta, ba daga ƙamus ba, kamar yadda kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta tsayar a shari'ar Phillips a 2005. Nan ne ake yawan yin sake: ba a karanta wasiƙun da mai nema ya yi musaya da ofishin rajista. In ya taɓa cewa batir ɗinsa yana rufuwa ba tare da an lanƙwasa bakin kofin ba, don ya kauce wa wata tsohuwar takarda, ba zai dawo daga baya ya ce da'awarsa ta haɗa da mai lanƙwasasshen baki ba.

Sai kwanan wata. Nemi ranar fifiko, wato ranar da aka fara neman rajistar ƙirƙirar, wadda za ta iya rigan ranar shigar da takardar da abin da bai wuce wata 12 ba. Abin da aka bayyana wa jama'a kafin ranar shi ne tsohuwar fasaha. Ka tuna ana buga takardun nema bayan wata 18, don haka wata takardar na iya rigan taka shiga ba ka gan ta ba.

Bincika rumbunan takardun ƙirƙira na intanet, Espacenet da Patentscope, a rukunin H01M 50/109, na batir mai siffar maɓalli, kuma kada ka tsallake takardun Japan a J-PlatPat, domin kamfanoninta sun daɗe a wannan fanni.

Kafin a ce ƙirƙira ba sabuwa ba ce, dole takarda guda ta ƙunshi dukkan sassan. In sashe ɗaya ya ɓace, sai a koma hujjar cewa haɗa takardu biyu abu ne bayyananne ga masani, wadda shari'ar KSR ta 2007 ta sassauta sharuɗɗan kafa ta a Amurka. Amma kada ka wadatu da cewa batir 18650, dogo mai siffar gwangwani, ma naɗaɗɗe ne. Nuna dalilin da zai sa injiniya ya mayar da naɗin cikin kofin da faɗinsa ya fi tsayinsa, da yadda zai magance kumburin ilektrod lokacin caji ba tare da murfin ya ɓalle ba.