Kafin ka sayi aksil na baya ɗan Beljiyam

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga mai tayar da tsohuwar Hilux kuma yana neman aksil na baya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, don Allah kada ka biya kuɗi sai ka tantance lissafin giyarsa, wato yawan zagayen da furofela (sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil) ke yi kafin tayoyin su zaga sau ɗaya. Aksil biyu na iya yin kama sak a ido, alhali ɗaya 4.10 ne, ɗayan 4.56. In motarka mai jan gaba da baya ce, wannan bambancin kaɗai ya isa ya cinye maka giya, domin dole na gaba da na baya su zo daidai.

Gwajin ba wuya. Sa alli a inda furofela ke ɗaurewa. Wani ya riƙe taya ɗaya, kai ka juya ɗayar sau 2 cif kana ƙirga zagayen allin. Ya zaga sau 4 da ɗan ɗoriya, 4.10 ke nan. Ya kai 4 da rabi, 4.56 ne.

Daga nan kwance notin zubar da mai na ƙasa ka dubi maganaɗisun jikinsa. Baƙin laushi kamar kwalli ba komai. Amma in ka taɓa ka ji ɓarɓashin ƙarfe yana sukar yatsa, haƙoran giya ko boris sun ci, bar musu kayansu komai arha.

Tafi da tef ka auna faɗin aksil ɗin da tazarar mazaunin safirin, ka gwada da na motarka. Wajen ɗaurawa sayi sababbin yubol (ƙarafan da ke ɗaure aksil da safirin), tsofaffin sun riga sun miƙe. Zuba sabon man giya 80W-90, a fitar da iskar birki kafin ka hau titi.