Karin kumallo a Indiya: yadda za ki ci, ki kuma dawo gida da girkin

'Yar uwa, in tafiya ta kai ki Indiya, jinya ce ko karatu ko sari, don Allah kada ki maƙale a masauki da shayi da burodi. Ki fita tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, lokacin da tukunya ke kan wuta.

In kina tsoron naman da ba ki san yankansa ba, nemi gidan abincin da aka rubuta Pure Veg a allonsa, ba nama ba kifi. A kayan leda kuma koren ɗigo cikin koren akwati shi ne alamar hakan.

A Delhi paratha za a ba ki, wata irin gurasa mai cushen dankali, da kindirmo a gefe. A Indore kuwa poha ce, shinkafar da aka daddaɓe ta yi fale-fale. Amma ni zuciyata tana kudu, wato Chennai da Bengaluru, inda ake idli da dosa. Ƙullunsu kusan ɗaya ne: shinkafa da wani baƙin wake da ake ɓare wa baya, urad, da 'yar hulba. A jiƙa shinkafa daban, wake daban, a markaɗa, a haɗa, a bar shi ya kwana ya tashi kamar ƙullun waina. In aka turara shi ya zama idli, fari tas mai laushi. In aka shimfiɗa shi siriri a kasko ya zama dosa. Miyar da ke raka su ita ce sambar, da tsamiya a ciki, sau da yawa har da 'ya'yan zogale da aka yanka guntu-guntu. Ki tsotse cikin ki ajiye ɓawon. In kina Bengaluru ki leƙa MTR, gidan abincin da aka buɗe a 1924. Su suka ƙirƙiro idlin semo lokacin yaƙin duniya na biyu, da shinkafa ta yi wuya.

Sai batun ɗaukar girki, kuma nan ake asara. Mai girkin Indiya ba ta awo da baki. In kin tambaya za ta ce "kaɗan", alhali kaɗan ɗinta cikin tafin hannu ne. Saboda haka ki roƙi mai gidan da kika sauka, ko wata da kuka saba a asibiti, ta bar ki ki tsaya kusa da murhu. Ki nemi izini kafin ki ɗauki bidiyo. Ki auna komai da kofi guda: a ƙullun idli da dosa, shinkafa kofi 3 ko 4, urad kofi 1. Ki sa yatsa a ƙullun ki ji kaurinsa, wannan ba ya rubutuwa. Ki kuma lura da abin da ke fara shiga mai in ana soya kayan miya. Ƙwayar mustad ce, sai ta yi tas-tas kafin ganyen kori ya biyo, in an juya tsarin ɗanɗano ya canja.

Ki rubuta yanayin garin ma. Ƙullun da ya tashi cikin awa 8 a zafin Chennai zai iya neman ninkin haka a hunturunmu, sai ki lulluɓe kwanon ki ajiye kusa da ɗumi.

Kafin ki taso, ki sayi urad da garin sambar da hing (wani kayan ƙamshin miya) a rufaffiyar leda, da tukunyar idli mai hawa-hawa. Ki ɗauki hoton kowace leda gaba da baya, don ranar da ya ƙare ki san abin da za ki nuna wa mai shago ko mai tafiya.