Yadda za ka shirya wa Ghost of Yōtei tun yanzu in kana Garwa, Marwa ko Ngaundere

Salam 'yan uwa masu riƙe manet, wato abin sarrafa wasan bidiyo da ake riƙewa a hannu. Wannan na rubuta shi ne a 2025 kafin wasan ya fito. Ranar Alhamis 2 ga Oktoba 2025 Ghost of Yōtei, sabon wasan bidiyo na PlayStation, zai fito, kuma wallahi tun da Sony suka nuna shi karon farko a Satumba 2024 na kasa cire shi a raina. Amma mu nan arewacin Kamaru kun san halin da ake ciki, a Turai mutum ya danna ya biya ya kwanta, da safe wasa na jiransa, mu kuwa sai an yi lissafin kuɗi da kuran, wato wutar lantarki, da koneksiyon na intanet, in ba ka fara tun yanzu ba ranar za ta zo kana kallon wasu suna bugawa a YouTube. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake ganin ya kamata a shirya.

Da fari ka san abin da kake jira, don kar a cuce ka. Kamfanin Sucker Punch ne suka yi shi, su ne suka yi Ghost of Tsushima da ya fito a Yuli 2020 ya sayar da sama da kwafi miliyan 13. Wancan labarin Jin Sakai ne lokacin da Mongol suka afka wa tsibirin Tsushima a 1274. Wannan sabon kuma an tsallake shekara 329 an dawo 1603, can ƙurewar arewacin Japan wajen da a lokacin ake kira Ezo, yanzu Hokkaido, ƙasar mutanen Ainu, gindin dutsen Yōtei mai tsayin mita 1,898. Mai labarin mace ce, Atsu, wadda wasu mutum shida suka kashe mata iyali tana yarinya suka bar ta a kafe jikin bishiya wuta na ci, bayan shekara 16 ta dawo da sunayensu a rubuce tana binsu. Kuma abu mafi muhimmanci, a injin PlayStation 5, wato PS5, kaɗai zai fito. Babu na PS4, babu na waya, na kwamfuta ma ba a sanar ba. Duk wanda ya ce maka kawo PS4 ɗinka in saka maka shi ko ya turo maka wani link a WhatsApp wai na Android, ɗan'uwa kar ka ba shi ko dala.

To sidi za ka saya ko na saukewa? Ni dai a nan ba na kokwanto, sidi. Dalili kuwa wasa irin wannan mai faɗin duniya giga yake ci ba kaɗan ba, Tsushima na kwamfuta ma giga 75 yake nema, sabon kuma ba zai zo da sauƙi ba, ka zauna ka lissafa forfe, wato data, nawa za ka zuba kafin ka sauke wannan da layin waya, ga koneksiyon da ke yankewa tsakar dare ka tashi da asuba ka tarar ya tsaya a rabi. Da sidi kuwa injin zai kwafe wasan daga faifan, abin da ya rage maka sai mizajur, wato gyaran da ake saukewa ta intanet, in akwai, shi kuma yawanci bai kai girman wasan ba. Sannan in ka gama za ka iya sayarwa ko ka yi musaya da wani ka karɓi wani wasan, na saukewa kuwa ya maƙale a kont ɗinka, wato asusunka na PlayStation, har abada. Amma duba injinka tukuna, akwai PS5 da ba ta da bakin sidi, PS5 Pro ma haka take zuwa sai ka sayi bakin daban. In kuma siririyar nan ce ta baya-bayan nan da ake cire mata bakin, to tana buƙatar intanet sau ɗaya a haɗa bakin da injin, in sabuwa ka sayo ka yi wannan tun yanzu, kar ka bari sai ranar da faifan ya iso.

Maganar kuɗi. A Faransa farashinsa yuro 79.99 ne, yuro ɗaya kuma sefa 655.957 take ba ta motsi, wato kusan dubu 52 da ɗari biyar ke nan kafin a sa kuɗin hanya da ribar ɗan kasuwa, don haka in ka ji an ce maka sama da haka a satin farko kar ka yi mamaki, in kuma aka ce maka dubu 20 sabo dal a leda to akwai lauje cikin naɗi. Akwai mai tsada na yuro 89.99 da ake ƙara maka sulke da doki da kayan ado, ni ban ga dalilin ƙarin ba, labarin ɗaya ne. Matsalar ita ce Oktoba na zuwa ne daf da bayan komawa lakkol, Satumba ta gama kwashe aljihun kowa da kuɗin littattafai da yunifom na ƙanne ko na yara, kuma wannan shi ne gaba, kar wani ya taɓa kuɗin makaranta saboda wasa don Allah. Abin da ya fi shi ne ka buɗe wani ɗan asusu a Orange Money ko MoMo ka riƙa jefa dubu biyu dubu uku duk sati ka manta da su. Ko ku haɗu ku uku ku huɗu na kartiye ɗaya ku yi karo-karo ku sayi faifai ɗaya, amma ku yi magana a fili tun kafin kuɗi ya fita, wa zai fara, sati nawa kowa zai riƙe, wa zai biya in ya karce, don irin wannan ƙaramin abu ne ke ɓata abota. Kuma ku sani ko ka kwafe wasan a injinka sai faifan na ciki zai tashi, ba wai kowa ya kwafa a mayar ba.

Ina za a samo? Yawanci daga Duwala ko Yawunde kaya ke haurowa, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sannan mota ta kawo Garwa da Marwa, ko ka sa a ba ajans, wato kamfanin motocin haya, ƙunshin kai tsaye. Wasu kuma ta Yola ko Mubi suke samu wajen 'yan uwa masu zuwa Kano, na Kuseri kuma Njamena ta fi musu kusa. Ko ta ina ne, ka yi magana da mai shagon tun yanzu ya sa sunanka, kar ka biya duka, ka ba da kafin alƙalami kaɗan sauran sai ka ga kwali a hannunka. Ka kuma sa a ranka ba lallai ya iso ranar 2 ga wata ba, kwana uku ko sati ba komai ba ne. Faifan PS5 ba ruwansa da ƙasa, na Amurka ko na Turai ko na Dubai duk zai tashi a injinka, abin da ke da ruwa da ƙasa shi ne lambar kyauta da ake sakawa cikin kwali da ƙarin da za a saya daga baya, su sai ƙasar kont ɗinka ta dace da ta faifan. In Faransanci kake so a rubutun ƙasa to ka nemi kwalin Turai mai alamar PEGI ka duba bayansa.

Wanda kuma ya nace sai na saukewa, to ga yadda abin yake. Kamaru da Chadi ba sa cikin jerin ƙasashen PlayStation Network, shi ya sa akasarinmu kont ɗin Faransa muke da shi, kuma ba a canza ƙasar kont bayan an buɗe. Katin kuɗin da za ka saya dole ya zama na ƙasar kont ɗin, katin Amurka ba ya shiga kont ɗin Faransa, mutane da yawa sun yi asara a nan. In ka biya tun kafin fitowa ana buɗe saukewa kwanaki kaɗan kafin ranar, sai ka bi forfen dare kaɗan-kaɗan ko ka ɗauki injin ka kai gidan wanda ke da intanet na fibar. Ka shiga saiti ka kunna wajen da aka rubuta raba injin da wasa ba intanet, in ba haka ba ranar da rezo ta ɗauke za ka ga ɗan kwaɗo a kan wasan da ka saya da kuɗinka. Masu sayar da kont na haɗaka da araha kuwa, wai firimer da segonder, ni ba na ba da shawara, mai kont ɗin na iya canza lambar sirri ko a rufe shi gaba ɗaya kana tsakiyar labari ba ka da wanda za ka kama. Sai wuri, PS5 ta farko giga 825 aka rubuta amma abin da kake iya amfani da shi wajen 667 ne, goge wasannin ƙwallo na shekarun baya da ba ka taɓawa ka bar masa fili.

Yanzu kuran, wanda shi ne ya fi damuna don shi ke kashe inji. Mu nan wutarmu ta dogara sosai da madatsar Lagdo a kan Binuwai, an ƙara sola a Marwa da Gidar amma duk da haka kowa ya san yadda ake ɗaukewa, kuma ba ɗaukewar ce ta fi haɗari ba, dawowar ce, in ta dawo da ƙarfi. PS5 na jan wajen wat 200 in ana wasa mai nauyi, ga tele a kai. Mafi ƙaranci ka samu regilater mai jinkirta wuta in ta dawo, in da hali ka ƙara ondiler, wato akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, na kamar VA 1000 ko sama, ba don ka ci gaba da wasa ba, don ya ba ka 'yan mintuna ka ajiye inda ka tsaya ka kashe inji da kyau. Kar ka bar shi a yanayin barci mai fitilar ruwan lemo ka fita, in wuta ta yanke a haka sai ya tashi yana gyaran ma'ajiya, wata rana kuma abin da ka ajiye ya lalace, kuma ajiyar wasannin PS5 ba a kwafe ta ɗaya-ɗaya a kan kile USB kamar ta PS4, sai dai ta intanet in kana da PlayStation Plus ko ka kwafe injin gaba ɗaya. In da ƙaramin grup, wato janareta, kake amfani kar ka jona kai tsaye, sa regilater a tsakani, kuma ka bari grup ɗin ya daidaita kafin ka kunna.

Zafi da ƙura su ma. Sony sun ce injin ya yi aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35, ɗakin kwano a Garwa kuwa da rana ya wuce nan ko a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, balle Maris da Afrilu. Ka fitar da shi daga cikin kabad, ka bar aƙalla santimita 10 tsakaninsa da bango, kar ka ɗora shi a kan darduma ko katifa, ka fi yin wasan da dare ko bayan asuba. Murfinsa na cirewa ba sai da sukurdireba ba, ka cire wuta ka buɗe ka share ƙurar fanka tun kafin hunturu ya shigo ya ƙara wata. Manet kuma ka gwada ta yanzu, in sandar na tafiya da kanta ka gyara ko ka canza, don wannan wasa ne na tare sara a daidai lokaci, manet mai ciwo za ta sa ka tsane shi a banza.

Sai shirin hannu, nan ne daɗin jiran yake. Ba dole ne ka buga Tsushima kafin ka gane labarin Atsu ba, ba su haɗa mutane ba, amma in ba ka taɓa yi ba ka nemi faifan PS4 na hannu yana tashi a PS5 kuma ya yi araha yanzu. Abin da za ka koya a can shi ne haƙuri, kar ka yi ta danna sara kamar mai daka, tsaya ka kalli kafaɗar abokin faɗa, ka tare a ƙarshen lokaci sannan ka rama. A Tsushima tsayuwa kake canzawa gwargwadon wanda ke gabanka, a Yōtei kuma daga abin da suka nuna a Yuli 2025 makami za ka riƙa canzawa, takobi biyu wa masu mashi, ōdachi wato dogon takobi wa ƙattai, kusarigama wato lauje mai sarƙa wa masu garkuwa, ga mashi yari ga baka ga bindigar tanegashima, kuma ana iya fizge maka makami daga hannu kai ma ka fizge na wani. Don haka ka saba da sauya abu tsakiyar faɗa ba tare da ka kalli manet ba. Ka kuma koyi bin iska maimakon buɗe taswira kowane minti, don iskar ce ke nuna hanya a wasannin nan, wanda ya yi ta tsalle daga alama zuwa alama ya bar rabin abin da ya biya. Ni abin da na fi ɗoki ma ba faɗan ba ne, kyarkecin nan ne da ke fito mata, da yadda za ka kafa zango a daji ka hura wuta ta ɗauki shamisen tana kaɗawa, abu mai tsirkiya uku da in ka ji shi sai ka tuna garaya. Ka sa muryar Japananci da rubutun Faransanci a ƙasa, ka jona ekuter, wato abin sauraro na kunne, a jikin manet, za ka ji bambanci.

Abu biyu kafin in tsaya. Wasan na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, akwai jini da yanka sosai, masu sal ɗin wasa a kartiye don Allah kar a sa wa yara 'yan firamare, a gida ma a bari sai sun kwanta. Sannan tunda mu faifanmu zai makara, daga ranar 1 ga Oktoba ka kiyayi TikTok da YouTube da grup-grup na Facebook, don akwai masu gama wasa cikin kwana biyu su sa hoton ƙarshen labari a fuskar bidiyo. Duk bidiyon da ka ga sunan Atsu ko Saito, shugaban mutum shidan nan, danna ba na so ka wuce, grup ɗin WhatsApp na 'yan wasa kuma ku yi yarjejeniya tun yau, wanda ya riga samu ya yi shiru da labarin har ƙarshen Oktoba, in yana son magana ya faɗi saitin da ya fi da yawan gigan mizajur don na baya su san forfen da za su tanada.